Kwanciyar Gashin Ulu

Shekara ashirin da biyu Mai Ɗinki ta yi tana ɗinka kayan 'yan makaranta a ɗakinta na hawa na biyu, kuma ba a taɓa dawo mata da wando an ce ɗinkin ya saki ba. Wannan gaskiya ce, ba za a hana ta ba. Amma abin da aka fi saninta da shi shi ne shimfiɗa. Idan ta baza yadi a tebur, sai ta jera takardun yanka kai da ƙafa, wannan ta kalli ƙofa waccan ta kalli taga, kowace ta shige hammatar 'yar'uwarta, har bandir ɗin da wani tela zai fitar da wando goma ita ta fitar da sha ɗaya. Yadin auduga marar zane bai damu da inda aka juya shi ba. Ya ƙyale ta ta yi yadda take so duk shekarun nan, ita kuma ta ɗauka duk yadin duniya haka yake da ladabi.

Wanda ya ƙware a abu ɗaya, kunnensa ne yake fara mutuwa.

Autarta ta gama karatun jinya, ta sami aiki a wani asibiti mai nisa, a garin da ake cewa sanyinsa yana daskarar da ruwa a cikin famfo. Saura wata guda ta tafi. Suna haɗa kaya sai ta ce idan ta isa can za ta nemi kwat a kanti.

"Ki nemi me?" in ji uwar.

Ta durƙusa ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado, ta fito da wani ulu mai kauri, ruwan toka mai duhu, naɗe cikin tsohon zanin gado. Marigayi mijinta ne ya sayo shi shekara tara da suka wuce, wai zai kai a ɗinka masa babban kwat. Yau ne, gobe ne, har ciwo ya kwantar da shi. Yadi huɗu ne cif, kuma shagon da ya sayo shi yanzu wayoyi ake gyarawa a ciki.

"Da kayan ubanki za ki tafi, da hannun uwarki a jiki. Har ƙasan gwiwa zai sauko miki."

"Umma, kin taɓa ɗinka kwat kuwa?"

"Kwat ɗin me ne ne? Riga ce da ta ci ta ƙoshi."

Auta ta nemo mata darussa a waya, na wani tsohon tela da yake koyar da ɗinkin kwat daki-daki. A darasin farko tsohon bai ko ɗauki almakashi ba. Ya shimfiɗa ulu, yana shafa shi da tafin hannu yana magana, yana magana yana shafawa.

"Wuce," in ji Mai Ɗinki. "Wuce, wuce. Wannan hira ya zo yi, ba shi da abokan zama a gida. Kai ni inda ya fara yanka."

Auta ta ja yatsa a kan wayar, darasin farko ya tafi ba a ji shi ba.

Mai Ɗinki tana da wa, wanda Auta take kira Kawu. Shekara talatin ya yi yana guga a wani gidan wankin kwat, har kafaɗarsa ta dama ta ƙi, aka sallame shi. Layi biyu ne tsakanin gidansa da nata, kuma kowace Lahadi da hantsi yakan hawo ya zauna ya sha shayi ya yi ƙorafin matakala. Tun suna yara yake kiranta Tartsatsi. Ran nan ya shigo ya tarar da ulun a tebur. Bai taɓa shi ba sai da ya je ya wanke hannu. Ya shafa shi ya yi gaba, ya shafa ya dawo baya, ya gyaɗa kai. Sannan ya kifa yadin, ya ɗauki allin ɗinkinta, ya shiga zana kibiya a bayansa, ɗaya bayan ɗaya, tun daga wannan baki har wancan, kowace tana nuna ƙofa.

"Yaya! Me kake yi wa kayan mutumin da ba shi da rai?"

"Tsaya ki ji, Tartsatsi. Ulu gashi gare shi kamar bayan kyanwa. Kawo hannunki, shafa nan."

"Na shafa kyanwa, na san yadda take. Ajiye mini allina."

"Kafin ki sa almakashi, ki tabbata kowane yanki…"

"Yaya, kai guga ka sani. Idan na gama zan aika a kira ka ka goge."

"Kin san kwat dubu nawa ya bi ta hannun nan?"

"Ya bi, amma bayan wani ya ɗinka. Mai wankin tukunya ba shi ya yi girki ba."

Kawu ya dube ta. Ya ajiye allin a hankali, ya bar shayinsa rabi, ya sauka. Lahadi uku bai sake hawowa ba.

Shi ma ba a wanke shi ba. Babba ne, ya san abin da zai faru, kalma biyar ce ta rage a bakinsa, amma ya gwammace ya haɗiye ta ya tafi da zuciyarsa. Auta ma tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji an ce "kowane yanki", ta ga kibiyoyin, ta san akwai darasin da aka tsallake a cikin wayar da ke hannunta. Ba ta ce uffan ba, don ba ta son faɗa saura kwanaki ta tafi. Mutum uku a ɗaki ɗaya, kowa da nasa dalilin.

Washegari Mai Ɗinki ta yi yanka. Ulun yana da kauri, ba ya naɗuwa biyu, don haka ɗai-ɗai ta jera takardun, kuma ta jera su yadda hannunta ya saba. Bayan kwat ya kalli ƙofa. Gaban hagu ya kalli ƙofa, gaban dama ya juya ya kalli taga, siririyar kafaɗarsa ta shige gefen faɗin ɗan'uwansa. Hannu ɗaya haka, ɗaya haka. Da ta gama, kusan yadi guda ya rage, lafiyayye, ba ko ƙwarzane. Ta ɗaga shi sama.

"Kin gani? Tsohon wayarki cewa ya yi yadi huɗu da ƙyar zai isa. Ga canji. Har hula zan yi miki da ɗan kwali na wuya."

Daga nan ulu ya fara nuna mata shi ba yadin makaranta ba ne. Keken ɗinkin da bai taɓa yi mata gardama ba ya zo kan ninki huɗu ya turje, ya karya allura uku a wuni ɗaya. Ta ɗora dutsen guga kai tsaye a kan aljihu, wurin ya yi ƙyalli kamar gwiwar tsohon wando, sai da ta koma wayar ta ga ashe tsumma mai damshi ake shimfiɗawa, a danna, a ɗaga, ba a ja. Ta koyi cewa ƙirjin kwat da kwalarsa ba keke yake tsayar da su ba, hannu ne: wani ƙyalle mai tauri ake sawa ta ciki, a riƙe shi da ɗaruruwan ƙananan ɗinki, kowanne ya kama bayan ulun bai fito ta fuska ba. Kwana shida ta yi a kan wannan, yatsanta na tsakiya ya yi kanta. Hannun kwat sau uku tana haɗawa tana farkewa, don kan hannun ya fi ramin kafaɗa faɗi, kuma dole a lallashe shi da tururi ya shige ba tare da ya tattare ba.

"Wanda ya ƙirƙiro kwat ba ya son uwarsa," in ji ta, da filoli a baki. "Tsaya daidai mana! Kafaɗa kamar marataya."

"Umma, kin soke ni."

"Ba allura za ki riƙa yi wa mutane ba? Ki ɗana."

A faɗi gaskiya, ta koya. Abin da wani zai yi wata uku yana lalube, ta kama shi a mako uku, don hannunta mai kyau ne kuma ba ta da lalaci. Sai dai ɗakin ɗinkin nata taga ɗaya gare shi, tana fuskantar bangon maƙwabta, kuma ƙwan lantarkin da ke rataye a kan tebur mai jan haske ne. A cikin wannan hasken, ruwan toka ruwan toka ne kawai.

Ranar Laraba da safe ta gama sa shafin ciki. Gidajen maɓalli kaɗai suka rage, tafiya kuwa ranar Asabar ce. Auta ta zura kwat ɗin ta tsaya gaban madubi. Kafaɗa ta zauna, kwala ta kwanta, tsawo ya sauko har ƙasan gwiwa kamar yadda aka yi alkawari. Mai Ɗinki ta zagaya ta sau biyu, ta cire wani zare da babu shi.

"Fita baranda. Bari masu cewa wando kaɗai na iya su gani."

Auta ta fita. Rana ta sauka a kan kwat ɗin.

Gefen hagu ya yi haske, yana sheƙi a hankali kamar ruwa. Gefen dama ya yi duhu kamar an jiƙa shi. Hannun hagu kuma ya bi gefen dama, ya bar ƙirjin da yake manne da shi. Ba sai an ƙura ido ba. Matar wani direba da ke shanya a barandar da ke fuskantarsu ta dakata da riga a hannu.

"Mai Ɗinki, sabon yayi ne? Rabi dare rabi rana?"

"Ƙura ce," in ji Mai Ɗinki. "Shigo ciki."

Ta sa buroshi. Ta shafa ruwa. Ta danna dutsen guga ta kan tsumma har ɗakin ya cika da warin jiƙaƙƙiyar tunkiya. Ta sake fitar da shi rana, yana nan yadda yake. Ta juya kwat ɗin ƙasa ta koma sama, sai gefen da ya yi duhu ya yi haske, mai hasken ya yi duhu. 

"Umma, ba komai. Zan sa shi haka. An ce can ba a cika rana ba."

"Za ki sa shi haka. Ki shiga asibitin mutane kamar an haɗa ki daga mutum biyu, a ce wa ya yi miki, ki ce uwata, tela ce."

"To ko Kawu…"

"Kada ki kira mini Kawu."

Auta ta shige ɗaki. Mai Ɗinki ta zauna a kan kujerar keke da kwat ɗin a cinya. Babu wani ulun. Ko da akwai, ba zai zama wanda mijinta ya ɗauko da hannunsa ba. Ta yi zaman nan har rana ta take tsaka, sannan ta naɗe kwat ɗin da ragowar yadin a cikin tsohon zanin gadon, ta sauka matakala, ta ratsa layi biyu ba ta gaida kowa ba.

Kawu yana zaune a ƙofar gidansa yana murza kafaɗa.

"A'a. An gama ke nan? An zo kiran mai wankin tukunya?"

"Yaya, dutsen gugata ne ya ɓata mini aiki."

"Dutsen guga."

"Ina jin ya fi zafi a gefe ɗaya."

Ya karɓi kwat ɗin ya shimfiɗa a gwiwa. Ya shafa gefen hagu daga kafaɗa zuwa ƙasa, hannunsa ya sulale. Ya shafa gefen dama, gashin ya miƙe a ƙarƙashin tafinsa. Ya sa hannu a aljihu ya fito da reza, ya farke shafin kamar tsawon yatsa a kowane gefe, ya buɗa mata. Kibiyoyinsa suna nan, sun dushe amma ana gani. Ta hagu tana nuna ƙasa. Ta dama tana nuna sama.

"Dutsen gugar taki har rubutu ta iya."

"To na gani. Kwantar da shi. Ba aikinka ba ne?"

"Guga ba ta juya gashi, Tartsatsi. Ko na danne shi yau, yayyafi ɗaya ya taɓa shi zai tashi ya koma inda ya tsiro. Kuma wanda yake kallon sama ruwa zai riƙa tarewa, ya riga ɗan'uwansa tsufa. Abin da nake son gaya miki ke nan."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Me ya hana ni?"

"Kai ne babba. Don na yi magana ɗaya sai ka kwashi ƙafa mako uku? Da na ce ka faɗa rijiya faɗawa za ka yi?"

 Ba ta da gaskiya, amma kuma ba ƙarya ta yi ba, shi ya sa abin ya fi ba Kawu haushi.

"Kin huda gidan maɓalli?"

"Tukuna."

"Allah ya so yarinyar nan, ba ke ba. Ina ragowar?"

Suka shiga ciki, suka baza a teburinsa na guga. Ya ɗora ragowar a kan gaban dama, kibiya na kallon ƙasa. Faɗi ya isa. Tsawo ya gaza da taƙi ɗaya. Ya auna sau biyu, taƙi ɗaya ne.

"Gaba zai fita, amma gajere. Sai a rage baya da ɗaya gefen su zo daidai da shi."

"Na ce mata har ƙasan gwiwa."

"Ke kika ce. Ulun bai ce ba. Kuma wannan gaba ne kaɗai. Hannun hagu ban ga inda zai fito ba. Sai dai ta tafi da hannu ɗaya baƙo."

Mai Ɗinki ta sunkuya kan teburin. Idonta yana kan gaban daman da za a cire, dogon faffaɗan yankin nan da ta yi kwana uku tana ɗinke ƙirjinsa da hannu. Ta kama shi, ta juya shi a kan tebur, ƙasa ta koma sama, har kibiyar ta kalli inda sauran suke kallo. Ta auna hannun kwat ɗin da tef, ta ɗora tef ɗin a kai, ta gusa shi, ta sake gusawa.

"Aljihun ɗorawa na yi, ban tsaga ba. Idan na cire shi, babban yankin hannu zai kwanta nan wajen faɗi, ƙaramin ya bi ta gefe. Dukansu suna kallon ƙasa. Zai fita. Da ƙyar, amma zai fita."

Kawu ya sunkuya ya duba.

"Wannan kam ni ban gan shi ba."

"Ai guga ka sani."

"Ɗauki kayanki mu tafi kafin in canza ra'ayi."

Wuni biyu da rabi suka yi a ɗakin nan, sun jawo teburin zuwa ƙofar baranda inda rana take shigowa. Auta ce mai farkewa, tana bin ɗinkin uwarta da reza zare bayan zare, uwar tana kallo tana cije leɓe, don babu abin da ya fi ciwo ga mai ɗinki irin ta ga ɗinkinta mai kyau ana kwance shi. Kawu yana kan dutsen guga da hannun hagu, yana nishi duk ɗagawa. Kafin ta sa almakashi a kowane yanki, sai ya ɗora yatsa a kan kibiya bai ce komai ba.

"Na gani, Yaya."

"Ban yi magana ba."

"Yatsanka yana magana."

"Auta, kunna mata darasin farkon nan."

"Idan kika kunna, da ke da wayar za ku sauka ta baranda."

Ƙirjin dama ta sake ɗinke shi da hannu daga farko, yatsan da ya yi kanta ya fashe, ta naɗe shi da ƙyalle ta ci gaba. Hannun hagu ya fita, saura bai kai faɗin yatsa biyu ba. Ranar Juma'a da yamma aka zo kan rage tsawo. Kawu ya miƙa hannu zai karɓi almakashin, ta hana shi. Ta ja layi da alli, ta yanke taƙi ɗaya daga baya, taƙi ɗaya daga gefen hagu, ulun mijinta lafiyayye wanda bai yi laifin komai ba. Tsiraran suka faɗi ƙasa. Ba wanda ya yi maganar hula.

Ranar Asabar da hantsi suna tsaye a tasha. Auta ta sa kwat ɗin duk da gumi yana keto mata, don uwar ta ce ba za a cusa shi a jaka ya tattare ba. A cikin rana tsaka yake, launi ɗaya daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Kwalar ta kwanta, maɓallai shida sun jeru. Ya tsaya yatsa uku sama da gwiwa.

Mai Ɗinki ta ɗora tafin hannu a kafaɗar 'yarta ta dama ta shafo ƙasa, ta koma ta hagu ta shafo. Da hannunta ya zo bakin kalmasa sai ta kama ta ɗan ja, kamar ja zai ƙara masa tsawo.

"Umma, ya yi. Wallahi ya yi."

"Ki nemi doguwar safa idan kin isa. Mai kauri."

"To."

"Kada ki wanke shi da ruwan zafi," in ji Kawu. "Kada ma ki wanke shi. Buroshi, daga sama zuwa ƙasa."

"Ta ji, Yaya, ba kurma ba ce."

"A gidanku ai sai an maimaita."

Aka kira fasinjoji, Auta ta rungume su ta shiga. Ta tafi da kayan ubanta, da hannun uwarta a jiki, kamar yadda aka yi mata alkawari, ban da taƙi ɗaya. Uwar ce ta ƙi saurare, kawun ne ya ƙi ƙarasa magana, amma ba ɗayansu da zai tsaya jiran mota da sassafe a garin ƙanƙara. Gwiwoyin Auta ne za su ji sanyin.